Ƙofar da Ta Ƙi Buɗuwa: Abin da Ke Hana Kwamfutocin Njamena Shiga Taron Bidiyo

Ranar 5 ga watan Mayu na 2025 kamfanin Microsoft ya rufe Skype, manhajar da tun 2003 take haɗa mutane ta intanet. An yi sanarwa tun ƙarshen Fabrairu, amma ba kowa ne ke bin irin wannan labari ba. Ɗan kasuwar da ya saba kiran abokin cinikinsa na Dubai daga shagonsa a babbar kasuwar Njamena, ko uwar da ɗanta ya saka mata manhajar kafin ya tafi karatu Masar, abin da suka tarar kawai shi ne ana tura su wani wuri mai suna Teams, ana kuma neman su rubuta adireshin imel da kalmar sirrin da rabonsu da ita tun ranar da aka buɗe asusun. Kwamfutar ce ke riƙe musu ita shekara da shekaru. Ranar da ta sake ta, sai ga su a waje.

Wannan tsayuwa a bakin ƙofa ba ta masu Skype kaɗai ba ce. Njamena gari ne na taruka. Nan hedikwatar Hukumar Tafkin Chadi take, wadda aka kafa a 1964, nan kuma rundunar haɗin gwiwa mai yaƙi da Boko Haram ta ajiye tata. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro dubban ɗaruruwan mutane zuwa gabashin ƙasar, ofisoshin ƙungiyoyin agaji suka ƙara cika, kuma rabin aikinsu a kan Zoom da Teams da Google Meet ake yanke shi. Ga ɗaliban Jami'ar Njamena da na Jami'ar Sarki Faisal masu neman gurbin ƙaro karatu a waje, waɗanda ganawar minti ashirin ta bidiyo ke iya sauya musu rayuwa. Ga Hausawan gari, jikokin fatake da alhazan ƙasa da suka yada zango a nan tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, waɗanda danginsu ke warwatse daga Kano da Damagaram har Sudan da Makka.

Saƙon da manhaja ke nunawa idan shiga ta gagara kusan kullum mai kwamfutar yake nuna wa yatsa: kalmar sirri ba daidai ba, an samu matsala, a sake gwadawa. Mutum sai ya zargi kansa, ya yi ta maimaitawa har a kulle asusun, ko ya haƙura ya buɗe sabo, ya bar tsohon da duk sunaye da saƙonnin da ke ciki. Alhali a gari irin wannan laifin sau da yawa yana wani wuri dabam. An ƙera waɗannan manhajoji ne bisa zaton wuta ba ta ɗaukewa, mutum yana da lambar waya ɗaya har ƙarshen ransa, kuma ba ya tsallaka iyakar ƙasa da hantsi ya sayo kaya ya dawo kafin la'asar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dace da mutumin Njamena.

Agogon da ya koma baya

Kai laftof wurin gogaggen mai gyara ka ce masa ta ƙi shiga Zoom. Kafin ya tambaye ka komai, idonsa zai sauka a kusurwar ƙasa ta dama, inda kwanan wata yake. Yana da dalili. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir zagayayye, galibi mai lamba CR2032, wanda babban aikinsa shi ne riƙe agogo yana tafiya ko da an kashe na'ura. Yakan yi shekaru, sai dai akasarin kwamfutocin da ke shigowa kasuwanninmu na hannu ne, sun riga sun ci rabin rayuwarsu a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su iso. Zafin Maris zuwa Mayu, wanda ke haura digiri 40, ba ya raga wa batir ko wane iri ne. Idan babban batirin laftof ɗin ma ya mutu, ta koma sai an jona ta take tashi, to kowace ɗaukewar wuta tana iya mayar da agogonta shekarun baya. A ƙasar da, bisa ƙiyasin Bankin Duniya, kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samun wutar lantarki, kuma masu samun ma rabi da rabi suke samu, wannan abu ne na yau da kullum.

Me ya haɗa agogo da kalmar sirri? Kafin kwamfutarka ta miƙa sirrinka ga kamfanin, sai ta nemi ya fara nuna mata takardar shaidar cewa shi ɗin ne, ba ɗan damfara ba. Takardar tana ɗauke da ranar fara aiki da ranar ƙarewa. Kwamfuta mai mataccen agogo tamkar maigadi ce da kalandar shekarun baya ke rataye a ɗakinsa: ka kawo masa takardar da aka sa wa hannu bana, ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ce wannan rana ba ta zo ba tukuna, don haka takardar ta bogi ce. Ba zai buɗe ba, ko da kai ne mai gidan.

Burauzar Chrome takan faɗi gaskiyar lamarin, ta rubuta «Votre horloge est en retard». Manhajojin taro ba su cika yin wannan kirki ba. Teams lamba take jefo wa mutum, 0xCAA20003, kuma shafin taimako na Microsoft da kansa abin da ya ce game da wannan lamba shi ne a duba kwanan wata da lokaci. Wa zai zaci haka daga waɗannan haruffa?

Akwai wani tarko da ya fi wannan wayo, domin agogon yana nuna lokacin daidai amma a ƙarƙashi ƙarya yake yi. Chadi tana kan awa ɗaya gaba da lokacin Girinwic duk shekara, daidai da Najeriya da Nijar da Kamaru. Faransa ma haka take a lokacin sanyi. Amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Turai kan tura agogonta gaba da awa guda. Kwamfutar da aka bar ta a kan yankin lokaci na «Bruxelles, Copenhague, Madrid, Paris» za ta yi wannan tsalle da kanta a tsakiyar Njamena. Mai ita ya ga ta yi gaba da awa ɗaya, ya sa hannu ya dawo da ita, ya ga ta yi daidai da agogon masallaci, hankalinsa ya kwanta. Amma a lissafin duniya, wanda shi ne kamfanonin ke dubawa, yanzu tana baya da awa guda cur. Wasu hanyoyin tantancewa ba sa yafe fiye da 'yan mintuna. Ko da an samu an shiga, lokutan tarukan da ke kalandarta ba za su yi daidai da bugun agogonta ba, mutum ya zo an watse ko ya zauna jiran waɗanda ba su da niyyar zuwa.

Maganin bai kai minti biyu ba. A danna maɓallin dama na linzami a kan agogon, a shiga wurin daidaita kwanan wata, a zaɓi yankin «Afrique centrale - Ouest», a kunna daidaitawa ta kai tsaye, a danna «Synchroniser maintenant». Idan tazarar ta shekaru ce, Windows na iya ƙin gyarawa da kanta, sai an fara matso da ita kusa da hannu. In kuma gobe ta sake komawa gidan jiya, to batirin ne. Mai gyara zai kifa laftof ɗin a kan tsumma, ya kwance noti shida ko takwas, ya hure ƙurar hunturu da ta taru a fanka, ya zaro ɗan abin nan, wani lokaci tsirara a cikin gurbinsa, wani lokaci naɗe cikin leda da 'yan wayoyi biyu, ja da baƙi. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Abin takaici shi ne yawan waɗanda aka goge musu Windows gaba ɗaya, takardunsu suka tafi, a kan matsalar da wannan ɗan batir zai warware.

Abin da ka danna ba shi ya fito ba

Chadi na da harsunan hukuma biyu, Faransanci da Larabci, kuma kayan kasuwarta daga ko'ina suke zuwa. Saboda haka a ofis guda za ka tarar da madannai iri uku: na Faransa da haruffansa na sama suka fara da AZERTY, na Ingilishi da suka fara da QWERTY, wanda shi ne ke kan yawancin laftof da aka sayo daga Kano ko Dubai, sai kuma tsarin Larabci da ake ɗorawa a kan kowannensu. Abin da aka zana a jikin maɓalli daban, abin da Windows ta ɗauka an danna daban.

A ce wani ya sa «Zamfara20» a matsayin kalmar sirri, kodayake irin wannan kalma ba ta da ƙarfi, bai kamata a yi amfani da ita ba. Ya zauna gaban laftof mai madannan QWERTY wadda aka saita ta a kan Faransanci. Ya danna Z, W ta fito. Ya danna a, q ta fito. Ya danna m, waƙafi ya fito. Ya danna 2 da 0, aka samu é da à, domin a tsarin Faransa sai an haɗa da maɓallin Shift lambobi ke fitowa. Abin da ya isa wurin kamfanin shi ne «Wq,fqrqéà». Shi kuwa ɗigo-ɗigo tara kawai yake gani a allo, yana rantsuwa da Allah daidai ya rubuta, kuma gaskiya yake faɗa.

Alamar @ ma tana da nata rikicin. A tsarin Amurka tana kan 2 tare da Shift, a na Faransa tana kan 0 tare da AltGr. Kusa da agogo akwai 'yan haruffa, FRA ko ENG ko harafin ع, su ne ke faɗin tsarin da ake kai, kuma danna maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara yana sauya su. Hannu yakan taɓa Alt da Shift bisa kuskure ya sauya harshe ba tare da mai rubutu ya ankara ba. Kafin gwaji na uku, a danna ɗan idon da ke gefen akwatin kalmar sirri a ga abin da ke fitowa, in babu idon a rubuta 'yan haruffa a akwatin imel don gwaji. Wannan ya fi a yi ta bugawa har manhajar ta ɗauka ɓarawo ne ta kulle asusun na wani lokaci, taro kuwa ba ya jira.

Lambar da aka aika Kano

A nan ne matsalar ta fi ciwo, domin ba a warware ta da sukudireba.

Idan kamfani ya ga an nemi shiga asusu daga sabuwar kwamfuta ko daga wata ƙasa, yakan nemi ƙarin shaida. Zoom kan aika lamba ta imel, Google da Microsoft sukan aika ta waya ko ta wani adireshin da aka ajiye musu. Tsari ne mai kyau, ya ceci asusun mutane da yawa. Amma a duba rayuwar Bahaushen Njamena. Wataƙila a Kano aka buɗe masa imel ɗin shekara goma da suka wuce, wani ƙaninsa ko yaron shagon waya ne ya buɗe, da layin Najeriya mai farawa da +234. Tun Disambar 2020 gwamnatin Najeriya ta umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma a shekarun da suka biyo baya an toshe miliyoyin layuka. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kuma kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani. To yau Alhaji yana zaune a Njamena da layinsa na +235 a aljihu, allo yana ce masa an aika lamba zuwa wayar da ta ƙare da wasu lambobi biyu da da ƙyar yake tuna su. Lambar ta tafi, ta kuma isa, sai dai a wayar wani baƙo ta sauka, ko ba ta sauka ko'ina ba.

Zirga-zirga ma tana tayar da wannan bincike. Kusiri ta Kamaru tana tsallaken ruwa, gadar Ngueli ce kawai tsakani. Wanda ya buɗe asusunsa da sabis na Kamaru da safe, ya dawo ya buɗe da na Chadi da yamma, a idon na'ura ya yi tafiya tsakanin ƙasashe biyu, kuma tana iya tsayar da shi ta tambaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da komai ke aiki lafiya, ranar ce ta shiga sashen tsaro na asusun, a duba wace lamba ce ke ciki, a sa wadda ke hannu, a ƙara imel na biyu. Wanda ya kunna tantancewa mai mataki biyu a Google yana iya karɓar lambobin ko-ta-kwana guda goma, kowace a yi amfani da ita sau ɗaya, a rubuta su a takarda a ajiye inda ake ajiye fasfo. Microsoft na bayar da lambar ceto mai haruffa 25. Akwai kuma manhajojin tantancewa irin su Google Authenticator da Microsoft Authenticator, waɗanda ke fitar da sabuwar lamba duk bayan daƙiƙa 30 ba tare da saƙon tes ko sabis ba, muddin agogon wayar daidai yake. Ga mai yawo tsakanin ƙasashe, wannan ta fi saƙon tes nesa ba kusa ba. Wanda ya yi sakaci har ya rasa duk hanyoyin da ya ajiye, idan ya nemi Microsoft ta maye masa su da sababbi, sai ya jira kwana 30. Ganawar neman aiki ba ta jiran wata guda.

Lambar tantancewa kuma, ko wa ya kira ya nema, ba a bayarwa. Ba ma'aikacin kamfani da zai buga maka waya ya ce ka karanto masa ita. Wanda ya neme ta, asusunka yake shirin ɗauka, daga nan kuma ya shiga roƙon kuɗi wurin danginka da sunanka.

Daga Njamena zuwa teku

Chadi ba ta da gaɓar teku, manyan wayoyin intanet na duniya kuwa a ƙarƙashin teku suke. Kafin kalmar sirrin mutumin Njamena ta isa inda za a tantance ta, sai ta bi wayar ƙarƙashin ƙasa ta ratsa Kamaru har bakin ruwa. Akwai hanya ta biyu da aka shimfiɗa ta gabas, ta Adré zuwa Sudan, amma ƙasar da ke cikin yaƙi ba abar dogaro ba ce. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta durƙushe a ƙasashe da dama, har ayyukan Microsoft a nahiyar suka taɓu. A watan Oktoba na shekarar, yankewar waya a ɓangaren Kamaru ta jefa Chadi cikin duhun intanet. Zuwan Starlink a 2025 ya buɗe wata hanya ta sama, ga mai halin saye. A irin ranakun da waya ta yanke babu dabarar da za ta yi aiki, kuma babu amfanin sauya kalmar sirri. Alamar ita ce maƙwabci ma ya kasa, wanda ke kan Airtel da wanda ke kan Moov Africa duk bakinsu ɗaya.

Lambobin kuskure sukan nuna hakan ga wanda ya san su. A Zoom, 5003 da jerin da ya fara daga 104101 duk maganarsu ɗaya: manhajar ta kasa kaiwa ga na'urorin kamfanin. A Teams, 0xCAA82EE2 na nufin an jira amsa har lokaci ya ƙare, 0xCAA82EE7 kuma na nufin an kasa gano adireshin na'urar da ake nema. Babu ɗayansu da ya shafi kalmar sirri. Ɗaukar hoton saƙon da waya kafin a rufe shi yana rage wa mai gyara rabin aiki.

Sai dai sau da yawa toshewar a cikin ɗaki take. Daga 28 ga Maris na 2018 zuwa 13 ga Yuli na 2019, kusan wata goma sha shida, gwamnatin marigayi Idriss Déby ta toshe WhatsApp da Facebook da Twitter. A wannan tsakani ne mutanen Chadi, malami da ɗalibi da ɗan kasuwa, suka koyi VPN, kuma al'adar ba ta tafi ba. VPN na sa ka bayyana kamar daga Jamus ko Holan kake, abin da ke sa kamfani ya ƙara tsananta bincike. Wanda ya kira taro a Zoom kuma yana iya taƙaita ƙasashen da za a shigo daga cikinsu, sai a hana ka saboda ƙasar da ba ka taɓa takawa ba. Mafi ɓoyuwa shi ne abin da wasu manhajojin VPN na kyauta ke bari a baya. Sukan sauya saitin Windows ta yadda duk zirga-zirga za ta bi ta cikinsu, su mayar da shi idan an rufe su cikin tsari. Wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki, ba su samu sun mayar ba. An tashi kwamfuta, alamar wayfai tana nuna komai lafiya, amma ana tura komai ta hanyar da babu ita. A sashen «Réseau et Internet», ƙarƙashin «Proxy», ake kashe wannan.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna kayar da mutum. Ƙunshin data na shafukan sada zumunta kaɗai zai bar WhatsApp ya yi aiki a waya, Zoom kuwa ya ƙi a kwamfuta. Laftof da aka jona da wayar hannu takan kama sauke sabuntawar Windows a ɓoye ta lashe datar kafin a ankara, sai an saita haɗin a matsayin «connexion limitée». Tsohuwar manhajar kariya daga ƙwayar cuta da wa'adinta ya ƙare tun tuni ita ma takan tare hanya.

Ƙofofi da yawa, makulli ɗaya

A shafin shiga Zoom akwai akwatin imel da kalmar sirri, a ƙasansa kuma ƙananan alamomi na Google da Apple da Facebook da wani mai suna SSO na ma'aikatu. Wanda ya buɗe asusunsa ta danna alamar Google ba shi da wata kalmar sirri ta Zoom. Idan ya rubuta ta Gmail ɗinsa a akwatin sama, za a ce masa ba daidai ba, ko sau ɗari ya rubuta. Ta inda aka shiga ranar farko, ta nan ake komawa.

Teams ta fi rikitarwa, domin asusu iri biyu take karɓa: na ƙashin kai, wanda tsofaffin masu Skype ke shiga da shi da sunansu da kalmarsu ta da, da kuma na aiki ko makaranta, wanda ma'aikata ke bayarwa kuma take karɓewa. Ma'aikacin wucin gadi da kwangilarsa ta ƙare da wata ƙungiya, ya koma wata, yakan tarar kwamfutarsa tana ta ƙoƙarin shiga da tsohon asusun da aka riga aka rufe. Sai an fita daga shi a sashen asusu na Windows, wani lokaci har a share abin da ya rage a «Gestionnaire d'identification». Na ma'aikata kuwa, idan ya kulle, jami'in kwamfuta na ma'aikatar ne kaɗai ke iya buɗewa, mai gyara na kasuwa ba shi da hannu a ciki komai gwanintarsa.

Ga kuma tsufa. Tun Nuwambar 2022 Zoom ke ɗaga mafi ƙarancin sigar da take karɓa duk bayan wata uku, don haka manhajar da aka kwafa daga filashin aboki bara tana iya ƙin shiga bana. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu na 2020, Chrome ta tsaya a siga ta 109 a kansa, sabuwar Teams ma ba ta hawa kansa. Windows 10 ita ma wa'adinta na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoba na 2025. Waɗannan su ne ke kan ɗimbin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da ofisoshin unguwa. Kamfanonin suna da hujjarsu ta tsaro, ba na musun ta. Amma kowace irin wannan rana da aka sanya a Amurka, a unguwannin Njamena irin Dembé da Diguel take zama kuɗin da babu.

Wanda aka gayyata ba sai ya yi rajista ba

Abin da ya kamata kowane ɗalibi da mai neman aiki ya sani tun farko shi ne, halartar taro daban, mallakar asusu daban. Wanda aka aiko masa da gayyatar Zoom yana iya shiga da lambar taron da kalmar shigarsa kawai, ba tare da asusu ba, sai fa in mai taron ya wajabta. Idan manhajar ta ƙi, shafin gayyatar yakan ba da zaɓin shiga ta burauza. Teams ma haka, ta Edge ko Chrome: a rubuta suna, a jira a ba da izini. Mutane da yawa sun rasa ganawa suna kokawa da ƙofar da ba a ce su bi ta cikinta ba. Idan saura minti biyar kuma kwamfuta ta ƙi, waya tana nan, a shiga da ita, a kashe bidiyo in sabis ya yi rauni, domin murya kaɗan take ci. Gyaran kwamfuta ya jira bayan taro.

WhatsApp na kwamfuta ba ya neman kalmar sirri ko kaɗan, da waya ake haɗa shi ta hanyar ɗaukar hoton alamar QR, har na'urori huɗu. Amma idan wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, sai ya fitar da sauran. Wanda ya bar wayarsa wurin gyara ko ya yi doguwar tafiya ya san wannan.

A shagon intanet kuwa, inda kwamfuta ɗaya ke ganin hannu ashirin a yini, a buɗe tagar sirri ta burauza, kada a yarda ta adana kalmar sirri, a kuma fita daga asusun kafin a tashi. Yaron shago yakan ce, «Kawo in shigar maka, Baba,» kuma galibi da zuciya ɗaya yake faɗa. Duk da haka ya fi kyau ya nuna wurin, mai asusun ya danna da hannunsa.

Akwai kuma nauyin da ke kan masu kiran taron, waɗanda ke zaune a Janeba ko Paris ko Dakar, har da manyan ofisoshi na cikin Njamena masu janareto da sola da intanet ta musamman. Wajabta wa kowa shiga da asusu kafin ya halarci taro yana da amfani a inda ake tattauna sirri. A ganawar ɗaukar ma'aikaci ko tantance ɗalibi, abin da yake yi shi ne tace mutane bisa lafiyar kwamfutarsu, ba bisa iliminsu ba. Ɗakin jira, inda mai taro ke ganin suna ya ba da izini, ya isa tsaro a mafi yawan lokuta. A rubuta lambar taro da kalmar shigarsa a fili cikin saƙon gayyata, yadda za a iya kwafe su da biro. A faɗi lokaci da agogon Njamena, ba na Paris ba. A ba da lambar wayar wani da za a iya kira idan shiga ta gagara, a kuma buɗe ɗakin minti goma sha biyar kafin lokaci domin wanda zai gwada.